Yadda Ake Kafa Al'adar Zama A Fara Rubutu Kullum

Da yawa daga masu son rubutu ba labari suka rasa ba. Labarin yana nan a kansu: sun san sunan yarinyar, sun san wanda zai ci amanarta, har ƙarshen ma sun sani. Abin da ke gagararsu shi ne minti goman farko, daga ɗaukar biro ko waya zuwa saukar jimlar farko. A nan ake cewa bari a ɗan leƙa WhatsApp, bari a ɗora ruwan zafi, bari hankali ya kwanta tukuna, har rana ta take ba a rubuta ko harafi ba. Wannan bayani a kan waɗannan mintuna yake. Manufarsa ita ce ka rage yawan shawarwarin da kake yankewa kafin ka fara, domin kowace tambaya da ta rage maka a lokacin zama (a ina zan zauna, da me zan rubuta, daga ina zan tashi) ƙofa ce ta gudu.

Da farko, ɗaure rubutun a jikin abin da ba ya tashi

Kada ka ce "zan riƙa rubutu da safe". Safiya tana da faɗi, kuma kowa yana da haƙƙi a cikinta. Ka zaɓi wani abu da kake yi kullum ba fashi, ka ce rubutu yana biye da shi kai tsaye. A ƙasar Hausa babu abin da ya kai salloli biyar tsayawa a wurinsu, shi ya sa suka fi agogo amfani a nan.

Bayan Asuba ya fi dacewa da yawancin mutane. Tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana akwai sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Idan aka cire salla da azkar, mutum zai iya tsira da minti 30 zuwa 40 kafin gida ya tashi. Waya ba ta fara ƙara ba, baƙo bai fara sallama ba, kuma a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, shi ne kusan lokacin da ɗaki ke zaunuwa ba fanka. Matsalarsa ɗaya ce: wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana hira ba zai iya ba, zai zauna ne yana gyangyaɗi a kan takarda. In ka zaɓi Asuba, ka zaɓi kwanciya kafin sha ɗaya tare da ita.

Marubuciyar da ke da yara 'yan makaranta sau da yawa Asuba ba tata ba ce, ta karin kumallo ce da wanka da neman takalmi. Gare ta, hantsi ya fi: da zarar an rufe ƙofa bayan fitar yara, kafin shara da wanke-wanke. Tsarin yana da muhimmanci. In aka ce sai an gama aikin gida za a zauna, ba za a zauna ba, don aikin gida ba ya ƙarewa. Minti 30 ba za su hana kwanuka wankuwa ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa kuma yana iya ɗaukar bayan Isha'i, amma kafin cin abinci mai nauyi; tuwo da miya a ciki, sannan a kishingiɗa da waya a hannu, barci ne zai biyo baya.

Ka zaɓi lokaci ɗaya tak, ka gwada shi mako biyu kafin ka yanke masa hukunci. Wurin zama ma ɗaya: kujera ɗaya ko gefen tabarma ɗaya, amma ban da gadon da kake kwana a kai. Ka gaya wa mutanen gida a sarari, da lokacin farawa da na gamawa. "Daga shida zuwa shida da rabi ina aiki" ana iya girmama shi. "Ina rubutu" kawai ba shi da iyaka, saboda haka ba wanda zai jira.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci: a jiya ake fara rubutun yau

Wanda ya zauna gaban farar takarda yana tunanin abin da zai rubuta, ayyuka biyu ya haɗa wa kansa a lokaci guda, ƙirƙira da rubutawa, kuma na farkon yana da nauyi a kan kwakwalwar da ba ta gama warwarewa ba. Maganin shi ne a raba su. Tunani a yi shi jiya, rubutu a yi shi yau.

Ga yadda ake yi. Idan lokacin tashi ya kusa, kada ka tsaya a ƙarshen babi ko ƙarshen fitowa. Ka tsaya a tsakiya, a daidai inda ka san abin da zai biyo baya sarai: an ƙwanƙwasa ƙofa kuma ka san wanda ke waje, ko uwa ta yi tambaya kuma ka san amsar da 'yar za ta bayar. Marubucin Amurka Ernest Hemingway ya shahara da wannan ɗabi'a ta tsayawa tun yana sane da abin da zai faru a gaba. Kamar rufe garwashi ne da toka da dare: da safe hurawa kawai za a yi, ba neman ashana ba.

Mutane suna jin tsoron wannan, suna ganin za su manta. Shi ya sa ba a tashi haka kawai. Kafin ka rufe littafi, ka rubuta layi uku a ƙasan inda ka tsaya, cikin gaggawa, ba ado:

Waye a wurin, kuma a ina? Me ɗayansu yake so daga ɗayan a wannan zaman? Da me fitowar za ta ƙare?

Misali: "Hajiya da Ladidi, a kicin, bayan Magariba. Hajiya tana son ta ji inda kuɗin adashe suka shiga. Ladidi ta yi ƙarya, ta ce ta ba yayanta." Wannan ya isa. Mai rubuta maƙala ko sharhi shi ma haka: batun sakin layi na gaba, misalin da zai kawo, da hujjar da zai rushe. Abin da ba ya aiki shi ne rubuta "ci gaba da babi na 7" ko "a gyara wajen biki". Wannan umarni ne, bai ɗauke maka tunanin komai ba, gobe za ka tarar da aikin yana nan yadda ka bar shi.

Sauran shirin dare ƙanana ne amma su ke kayar da mutane. Waya ko kwamfuta ta kwana da caji, kada ka dogara da cewa za a kawo wuta da asuba. Littafi da biro biyu su kwana a wurin zaman, littafin a buɗe a shafin da za a ci gaba. In da duhu za ka fara, fitila mai caji ta kwana kusa. In kana shan shayi, ruwan zafi ya kwana a filas, don hura wuta ko kunna risho da safe yana cin kwata guda cikin rabin sa'ar da kake da ita.

Na uku, kayan aiki

Takarda ta fi waya sauƙin farawa, don babu abin da ke shigowa cikinta. Littafin makaranta mai warƙa 60 ko 80 ya wadatar. Kada ka sayi mai tsada mai kyakkyawan bango. Mutum yakan ji nauyin ɓata shi, sai ya kasa sa masa jimlar da bai tabbatar da ita ba. Ka riƙa rubutu a shafin dama kawai, ka bar na hagu don ƙari da gyara daga baya. Illar takarda ita ce sai an sake bugawa, amma wannan bugun shi ne gyaran farko, ba asara ba ne.

Da yawa daga marubutan Hausa na yanzu a waya suke rubutu, kuma wayar ita ce babbar mai sace minti goman nan. Sai a yi mata dabara. Tun da dare a kashe data, a sa wayar a yanayin jirgin sama, a bar manhajar rubutu a buɗe ta yadda ita ce za ta fara bayyana in an cire makulli. Kashe sauti kaɗai bai isa ba, domin idon zai ga alamar saƙo. Kada a taɓa rubuta labari kai tsaye a cikin akwatin saƙon WhatsApp ko Facebook: yatsa ɗaya ya goce, ko wayar ta mutu, aikin sa'a guda ya tafi, kuma babu inda za ka ga adadin kalmominka. A yi amfani da WPS Office ko Google Docs. Dukansu suna ƙirga kalmomi, kuma ana iya aiki da su ba intanet, sai dai a Google Docs a tabbatar an saita fayil ɗin ya buɗu ba data tun kafin a kashe ta.

Sannan allon rubutu. In wayar tana kan Turanci, za ta riƙa canza maka kalmomin Hausa zuwa wasu abubuwa, ka riƙa komawa baya kana gyarawa, kuma kowace komawa tana tsinka zaren tunani. A Gboard, wato allon rubutu na Google, ana shiga saituna, a je wajen harsuna, a ƙara Hausa. Daga nan ana samun ɓ da ɗ da ƙ, a kuma kashe gyaran kalma na kai tsaye. Wannan aikin minti biyar ne, a yi shi sau ɗaya da rana tsaka, ba a lokacin zaman rubutu ba.

Na huɗu, mabuɗi

Adabinmu ya daɗe da sanin amfanin kafaffen mabuɗi. Mai tatsuniya ba ya tsayawa neman jimlar farko; "Ga ta nan, ga ta nan ku" ce, a amsa masa, ya riga ya shiga. Marubuta waƙa kuma bisa al'ada da ambaton Allah da salati suke buɗewa, kuma kafin su gama waɗannan baitoci, kari da amsa-amo sun zauna a kunne. Abin da kake nema ke nan: wasu 'yan ayyuka da ba sa canzawa, waɗanda jiki zai saba cewa bayansu rubutu ne.

Ka haɗa naka daga abubuwa uku ko huɗu, a jere ɗaya kullum. Misali: ka zauna, ka zuba shayi, ka yi bisimilla, ka rubuta kwanan wata a gefen shafi, ka saita agogo. Rubuta kwanan watan yana da amfani fiye da yadda ake zato, don hannu ya riga ya motsa, shafin kuma ya daina zama fari.

Sharuɗɗa biyu ne. Kada mabuɗin ya wuce minti biyar. Yana da halin girma a hankali: yau shayi ne, gobe an ƙara share ɗaki, jibi an ƙara sauraron labarai a rediyo, har ya zama shi ne aikin. Duk ranar da ka lura ya kai minti goma, ka datse shi. Na biyu, kada ya dogara da abin da zai iya ɓacewa. Wanda ya saba ba ya rubutu sai da wani irin biro, ko sai da fanka tana juyawa, ko sai gida ya yi tsit, ya ba wa kansa uzurin da zai riƙa samu sau uku a mako. Mabuɗi mai kyau shi ne wanda za ka iya yi a gidan biki a wani gari, ko a tasha kana jiran mota ta cika.

Masu son sauti a kunne su guji duk abin da ke da kalmomin da suke fahimta, waƙa ce ko wa'azi ko hira, don kalmomin waje suna kokawa da na ciki.

Na biyar, minti goman kansu

Ka karanta shafi ɗaya na ƙarshen abin da ka rubuta jiya, ɗaya kawai, kuma in da hali da ɗan sauti a leɓe. Manufar ita ce muryar labarin ta dawo maka. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19 wanda ya yi shekaru yana aikin gidan waya, yakan zauna da ƙarfe biyar da rabi na safe, ya fara da karanta aikin jiya, sannan ya ajiye agogo a gabansa yana neman kalma 250 a kowane minti 15. Ba a ce ka kai saurinsa ba. Jerin ne abin ɗauka: karatu, sannan agogo, sannan rubutu.

Tarkon da ke nan shi ne gyara. Kana karantawa za ka ga kalmar da ba ta zauna ba, ka taɓa ta, ka ga wata, kafin ka farga lokaci ya ƙare kana shafin jiya. Gyara yana da daɗi don ya fi ƙirƙira sauƙi, kuma yana kama da aiki. In ka ga kuskure, ka sa masa alama a gefe ka wuce. Wanda ya san ba zai iya daurewa ba, ya rage karatun zuwa sakin layi biyu na ƙarshe.

Daga nan ka sake kwafe jimlar ƙarshe ta jiya da hannunka, kalma da kalma, ka zarce daga inda ta tsaya ba tare da ɗaga biro ba. Ka saita agogo minti goma, da sharaɗin ba gogewa, ba komawa baya. In agogo ya buga kana cikin tafiya, ka ci gaba. Yawanci haka ke faruwa.

In abin ya ƙi, ga hanyoyi uku, a gwada su bi da bi. Ka fara da magana maimakon siffantawa: sa wani ya faɗi wani abu, ko da "Ina kika ajiye kuɗin?" ne, don tambaya tana jawo amsa, amsa kuma tana jawo wata. In bai yi ba, ka rubuta abin da ke faruwa kamar kana ba wa aminin ka labari a zaure: "to daga nan sai ta shigo, ita kuma ta ƙi ɗaga kai." Daga baya za ka mayar da shi rubutu. In har yanzu shiru, ka rubuta matsalar kanta a shafin hagu: "Na kasa ci gaba saboda ban san dalilin da zai sa Ladidi ta yi ƙarya ba." Sau da yawa cijewar ba lalaci ba ce, wani rami ne a cikin labarin, kuma rubuta shi a fili yana nuna inda yake.

Abin da ba a yi shi ne buɗe data don bincike. Ka manta sunan wata unguwa, ko ba ka san yadda ake shigar da ƙara a kotu ba? Ka rubuta alamar tambaya uku a wurin, ka wuce. Da rana ka nemo su gaba ɗaya.

Na shida, ma'auni da tashi

Ka sa wa kanka adadin da za ka iya cikawa ko a ranar da ba ka da ƙarfi. Ga mai farawa, kalma 300 ta isa. In a littafi kake rubutu, ka ƙirga kalmomin layi biyar, ka raba biyar, ka ninka da yawan layukan shafi, sai ka san kalmomin shafi ɗaya, daga nan ka san shafi nawa ne 300 a rubutun hannunka. Adadin yana da kamar kaɗan, amma kalma 300 sau shida a mako 1,800 ne, a mako 26 kuma 46,800, wato littafi guda. Gajeren labari mai kalma 1,500, irin tsawon da ake nema a gasanni, zubin farkonsa kwana biyar ne.

Wanda ya sa wa kansa 2,000 a rana zai cika kwana biyu ko uku da zafin farawa, ya gaza a na huɗu, daga nan zaman ya koma abin fargaba. In ƙirga kalma yana tayar maka da hankali, ka auna da lokaci: minti 25 a zaune, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, amma ba a yin wani abu daban.

A bangon littafin daga ciki ka yi gida uku: kwanan wata, lokacin farawa, adadin kalmomi. Bayan mako biyu ka duba. In ka ga kullum kana makara da minti 20, lokacin ne bai dace ba, ka matsar da shi. In ranakun da ka fi yawan kalmomi su ne waɗanda ka bar layi ukun shirin gobe a jiyansu, ka ga hujja da idonka.

Tashi ma yana da jerinsa: layi uku na gobe, adadi a bango, sannan ajiya. Mai rubutu a waya ya tura wa kansa kwafi ta imel kullum, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Mai littafi ya ɗauki hoton shafukan ranar.

In al'adar ta karye

Za ta karye: suna, biki, ta'aziyya, zazzaɓi, tafiya. Kada ka ɗauki ranar da ta wuce a matsayin bashi, ka ce gobe 600 za ka yi. Bashin yana taruwa har ya hana ka dawowa. Gobe 300 ce kamar kullum. Ka kuma tanadi ƙaramin zubi na ranakun matsi: mabuɗi, jimla uku, a rufe. Amfaninsa shi ne labarin ba ya hucewa a kai. In hutun ya kai mako, ka ba zaman farko gaba ɗaya ga karanta babi biyu na ƙarshe da rubuta layi ukun, washegari a fara ƙirga.

Da azumi a sake lissafi tun kafin wata ya kama. Wasu bayan sahur ya fi musu, kafin barci ya dawo. Wasu sai bayan tarawihi. A rage adadin zuwa rabi, kuma wanda ya ga goman ƙarshe ba za ta yiwu ba ya ajiye da niyya, ya rubuta ranar dawowa bayan salla a bangon littafi.

Masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad (dandalin labarai na intanet) suna da wata matsala ta daban. Masu karatu suna jira, suna tambaya, kuma wannan yana tura mutum ya zauna, amma yana sa a riƙa rubutawa da sakewa a rana ɗaya, a kuma buɗe sharhin mutane kafin a rubuta na gaba. Sharhin yana shiga kai, wannan tana so a kashe kishiya, wancan yana so a yi aure, sai marubuci ya zauna da muryoyi ashirin ban da tasa. Kada a fara sakin labari sai akwai kashi biyar a ajiye, a kuma riƙe wannan tazarar: abin da aka rubuta yau sai bayan kamar mako biyu zai fita. Sharhi a karanta shi bayan an tashi daga rubutun ranar, ba kafinsa ba. A sanar da ranakun saki, biyu ko uku a mako, a bar sauran ranakun don cike ajiyar da rashin lafiya ko rashin wuta za su ci.